Kwali Mai Koren Layi

Mai gadi ya laluba aljihuna a bakin ƙofa, ya zaro abin shaƙar asma guda ɗaya. Ya tisa ƙeyata har ofishin Oga.

Shekarata biyu a kamfanin magani nan ina jera irinsa a kwali. Ɗan abu ne mai garin magani a ciki. Ka murɗa, ka kai baki, ka ja numfashi da ƙarfi.

"Har da kai, salihin bawa?" in ji Oga. "Sayarwa kake yi?"

"Wallahi a'a, ranka ya daɗe. Na ƙanwata ne, ta gado ciwon Innarmu. Kuma ba na taɓa na kirki. Daga kwalin da aka yasar bayan ƙofa nake ɗiba, mai koren layi."

Oga ya juya abin, ya karanta rubutun da ni ban iya karantawa ba. Sai ya zauna a hankali.

"Tun yaushe?"

"Wata biyar. Da Inna na fara. Har ta ajiye na asibiti, wai nawa ya fi daɗi a baki."

"Ɗana," muryarsa ta yi ƙasa, "wannan na koya wa ma'aikatan jinya shaƙa ne. Garin sukari ne zalla. Maza kira Innar taka."

Na tsaya ina kallon wayata. Yau kwana tara da binne Inna. Ragowar nata kuwa, da safen nan na saka wa ƙanwata a jakar makaranta.