Ƙanƙarar Alhaji Kabo

Hure ce ta fara gani. Ta buɗe ƙofa bayan sallar asuba za ta zubar da ruwan wanke-wanke, sai ta saki kwano ta ƙwala salati. Hanyar tsakuwar da mijinta, Alhaji Kabo, ya shimfiɗa daga bakin titi zuwa ƙofar gidansa a kan tudun Jarwal ta yi fari fat da ƙanƙara. Gidan dama babu ko ƙwaya, na hagu ma haka, sama kuwa ko gajimare babu. A Makka fa!

Alhaji Kabo ya fito da jallabiya a baibai, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Shi dai bai yi mafarkin komai ba a daren, amma kafin maƙwabci na uku ya iso, ya riga ya tuna wani dogon mafarki mai fararen tsuntsaye.

Abin ya zo masa daidai. A hantsin ranar dattawan Hausawa za su hallara a gidansa tare da umda, wato mai unguwa, su zaɓi wakilin da zai riƙa tsaya wa jama'a a gaban hukuma da muɗawwifai masu kula da alhazai. Mutum biyu ke nema, shi da Malam Ɗaso, mai fataucin kayan abinci daga Jidda. Kowa ya san Ɗaso ya fi jama'a, Kabo ma ya sani, shi ya sa abinci ya daina wuce masa. Yana son kujerar nan kamar ransa.

Matsala ɗaya ce, motar umda ba za ta hau tudu mai santsi ba. Yana cikin neman wanda zai aika sai ga ƙarar tarakta. Mailafiya ne, wani Badamagare da ke share shara a Mina da 'yar taraktar wani ɗan kwangila lokacin aikin Hajji, sauran shekara kuma duk abin da ke da sitiyari tuƙawa yake yi. Idanunsa jajur, wandonsa jiƙe har gwiwa.

"Kun gani ko?" Alhaji ya ce wa jama'a. "Ko aika masa ban yi ba!"

Mailafiya ya so ya kwashe ta kaf ya tura kwazazzabo. Alhaji ya ce a'a, wa ya aike shi? Hanyar mota kawai zai buɗe, ya tara sauran dama da hagu inda baƙi za su gani. Kuma kada ya kuskura ya kwashe masa tsakuwa, daga Ɗa'if aka kawo ta.

Mailafiya ya ɗaga bakin garmar taraktar yatsa biyu daga ƙasa, ya fara daga sama yana gangarowa a hankali. Ƙanƙara na tulewa a gefe, tsakuwa na nan inda take. Yana tuƙi yana leƙen ƙasa, sau biyu ya dira ya tsinci wani abu ya cusa a aljihu. Mata suka ce kai, bawan Allah, shi ma tabarraki yake ɗiba.

Kafin rana ta ɗaga labari ya kai har unguwar Nakkasa. Aka zo da kwanoni da butoci. Mai ciwon ido ya shafa, mai ciwon gwiwa ya ɗaura, wata tsohuwa ta cika gwangwani za ta aika wa jikarta Katsina. Kyanwoyin unguwa kaf suka taru suna lasa, ana kora suna dawowa.

"A bar su," in ji Alhaji. "Dabba ta fi mu gani."

Motar umda ta hau tudu lami lafiya, dattawa na biye a ƙasa. Malam Ɗaso ne ƙarshen isowa, ransa a ɓace, wai kayansa na Jidda har yanzu ba su shigo kasuwa ba. Mailafiya na hango shi ya ja rawani ya rufe fuska, ya koma can ƙarshen hanya yana goge inda ya riga ya goge.

Alhaji ya ba da labarin mafarkin, tsuntsayen sun ƙaru sun zama garke. Aka narkar da ƙanƙara a kofin shayi aka zagaya da ita. Umda ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce masha Allah, akwai ɗan gishiri. Wani dattijo ya ce ai abin sama ba ya kama da na ƙasa. Da kofi ya iso hannun Ɗaso, ya ɗanɗana, ya ce wallahi kamar ya san ɗanɗanon nan, amma ya rasa a ina.

Daga nan magana ta ƙare. Wa zai yi takara da mutumin da aka yi wa ƙanƙara shi kaɗai? Magoya bayan Ɗaso suka dinga zamewa ɗaya bayan ɗaya. Shi kansa, da hawaye a idonsa, ya miƙe ya kama hannun Kabo ya ce, "Alhaji, na janye. Ba zan yi jayayya da ikon Allah ba."

Ana ta kabbara Mailafiya ya sulale da taraktarsa. Ya gangara bayan tudu, ya zazzage ƙananan kifayen da ke aljihunsa, ya zauna a gindin babbar motar kifin Malam Ɗaso, wadda ƙyaurenta na baya ya ɓalle ƙanƙarar kifin ta zube kafin asuba lokacin da ya hau da ita hanyar Alhaji Kabo don ya juya, yana tunanin ta inda zai fara gaya wa maigidan nasa cewa da ƙanƙararsa aka kayar da shi.