Shafin Ƙarshe na Littafin Murja

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara Murja ta gama rubuta littafinta. Da la'asar ta je karɓarsa a shagon Bilyaminu mai tafireta, wanda ya buga mata shi, kusa da tashar Kaura, inda layin dogo ke ƙarewa cikin ciyawa.

Ya miƙa mata takardun, idonsa a ƙasa. Daga bakin ƙofa ta karanta, iska na wasa da gefen hijabinta. Zulai, tauraruwar labarin, tana nan yadda ta rubuta ta: malamar da ta hau jirgin ƙasa ita kaɗai don ta ga abin da za ta zama. Amma a shafin ƙarshe sai ga wani baƙo mai tawada a yatsu, yana jiran Zulai a tasha da maganar aure.

Murja ta dubi yatsun Bilyaminu. Ya ɓoye su cikin aljihu.

"Malam Bilya, wanga mutum daga ina?"

"Tausayinta ni ji, Malama. Mace ita ɗai..."

"Ka tambaye ta?"

Ya ɗago kai ya dube ta. "Ita nika tambaya yanzu."

Maganar ta yi wa Murja daɗi. Ta zare shafin, ta ninke, ta adana a jakarta.

"Maida ma Zulai jirginta," in ji ta a hankali. "Shi kuwa mai tawada, ya zo gidanmu ran Juma'a da ƙafarsa. Ya bar biyowa ta littafin mutane."