Birkin Khamisu

Gwamma tana zaune a kujerar direba, ƙafarta kan birki, mijinta Khamisu yana kwance a ƙarƙashin motar a ƙofar gidansu da ke unguwar Tahaggart. Tsohuwar bashe ce, wato a-kori-kura, da ita yake kai leburori gonakin Outoul, ya dawo da kayan lambu. Jiya tiyon birki ya fashe, ya sake shi da kansa. Saura fitar da iskar da ta shiga.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne, shi ya sa kullum ita ce mai takawa.

"Taka! Ƙara! Riƙe nan!"

Sai ya sassauta ɗan notin da ke bayan taya, man birki ya tsarto cikin kwalba da kumfa, ƙafarta ta nutse ƙasa. Ya ɗaure, ta saki. Haka za a yi ta yi, taya bayan taya, har kumfa ya ƙare. Gwamma ba ta iya tuƙi ba, amma ƙafarta ta san birki mai lafiya: tauri yake kamar dutse.

A tayar baya notin ya yi tsatsa, ya ƙi motsi. Khamisu ya yi tsaki, ya tsallake ta. Da ya leƙa tankin man birki, mai ya yi ƙasa, gorar da yake ƙarawa daga ciki kuma ta ƙare. Ya shiga gida ya kaɗa omo a ruwa, ya zo ya cika.

"Baban Ramatu, mene ne wannan?"

"Santsi ake nema, ga santsi. Haka direbobi ke yi. Taka mu ji."

Ta taka. "Laushi gare shi, kamar na taka katifa."

"Ƙafarki ce ta gaji."

"Ƙafata lafiya lau. Ka je unguwar Sersouf ka sayo mai, ka nemo mai kwance notin nan."

"In kashe yini guda saboda ke? Tun yaushe kika zama makaniki? Sauko ki ɗora mini shayi."

Ta sauko, amma ba ta shiga gida ba. Leburori sun fara taruwa, suna hawa bayan mota da shebur da gorar ruwa. Cikinsu har da ƙanenta Amadu, magini, wanda Khamisu ya samo wa aiki tun zuwansa daga Maraɗi.

Gwamma ta gyara mayafinta, ta tsaya gaban motar.

"Bayin Allah, motar nan ba ta da birki. Ni na taka shi. Ruwan omo ne a ciki."

Leburori suka kalli juna. Mace ta tona mijinta gaban maza, a bakin titi.

"Gwamma, shiga gida!"

"Ba zan shiga ba. Ka sake ni in ka so, amma sai sun ji."

Wani dattijo ya ɗauki sheburinsa ya sauko. Wasu suka bi shi. Wasu suka yi dariya, ɗaya ya ce, "Malam Khamisu, ashe jandarma gare ka a gida!"

Ta juya ga ƙanenta. "Amadu, sauko."

Amadu ya sunkuyar da kai. "Yaya, in na sauka na ci mutuncinsa. A gidansa nake kwana."

"Sauko, na ce!"

"Allah zai kiyaye, Yaya."

Khamisu ya shiga mota, ya ja da baya, ya kauce mata, ya wuce.

A cikin gari birkin ya yi ta kamawa in an taka sau biyu. A gangaren da ke kaiwa kwarin Outoul ya yi zafi, ruwan ya tafasa. Khamisu ya taka, ƙafarsa ta kai ƙasa, babu komai. Motar ta bar hanya, ta kife kan duwatsu. Khamisu ya fita da karaya a hannu. Amadu bai kai asibiti ba.

Ranar zaman makoki mata suka cika tsakar gida. Gwamma ta ji raɗa tana yawo: bakinta ne ya kama su, wa ke yi wa matafiyi mugun fata? Wata tsohuwa ta dafa ta. "Yarinya, ki yi istigfari. Kwanansa ne ya ƙare, amma ki dinga tauna magana."

Gwamma ta miƙe, idonta a bushe.

"Inna, na yarda kwanansa ya ƙare, ban ja da Allah ba. Amma bakina bai zuba omo a birki ba. Waɗanda suka ji bakina, ga su can waje da ransu, sun zo gaisuwa. Gobe in na ga wata motar haka, zan faɗa, ko ta wane ce."

A zaure, Khamisu ya ji komai, bai ɗago kai ba.

Jama'a, birki ba ya karɓar dabara: man birki kaɗai ake zubawa, kuma ba a hawa hanya sai iska ta fita daga kowace taya. Wanda ya ce maka mota ba ta da lafiya ba mugun fata ya yi maka ba. Ka saurare shi, kuma kada kunyar kowa ta zaunar da kai a cikinta.