Rariyar Tana Cikina

"Ba zan je ba!" na ce wa 'yata. "An sa mini rariya a babbar jijiya don ta tare gudan jini, ta kuma tare. Me ya rage?"

"Baba, likita ya ce in ta daɗe tana iya gocewa ko ta huda jijiyar. Hoto kawai za a ɗauka, a ga ko lokacin cire ta ya yi."

Da naci ya ishe ni, sai na kira ƙanena, wanda ko matanmu sai sun ƙura ido suke bambance mu. Na danƙa masa katina na asibiti da hulata. "Je ka kwanta musu, su ɗauki hotonsu su ƙyale ni."

Ina shan shayi ya bugo waya. "Yaya, ba su ga rariyar ba. Sun ce ta gudu zuciya, yanzu za su tsaga ni. Na ce ba ni ba ne, sun ce tsoro ne."

Da takalmi wari-wari na faɗa asibitin ina ihu. "Ku sake shi! Rariyar tana cikina!"

Na tarar da shi a benci yana ɓare gyaɗa, 'yata na gefensa riƙe da rigar majinyata. Ko ƙofar ɗakin hoton bai taka ba.

"Yaya, da in binne ka, gara ka zage ni."

Na fizge rigar. "Zagi kam za ka sha. Bari in fito."