Takardar Mai Jinya

Nas ta nemi jerin magungunan Inna. Na miƙa mata takardar da mai jinyarta ta gida ta cusa min a hannu ranar da na kore ta saboda tabon da na gani a wuyan hannun Inna. Tsohuwa ta rikice, ba ta iya faɗin wanda ya yi mata.

"Wa ya ce maka magunguna ne?"

"Ƙanena ya karanta min. Ni ko bihim ban sani ba."

Ta dube ni, ta karanta a hankali: "Ƙaninka ke ɗaure Inna da ɗankwali in kiranta ya ishe shi. Kada ka bar ta da shi."

Sati uku ke nan makullin ɗakin Inna na hannunsa.