Jakin Mai Tukwane a Gidan Jinƙai

Ka ce mutumin nan bakinsa da daɗi, shi ya sa ka saki jiki da shi. To, gyara zama ka ji abin da ya sami wata mai ginin tukwane.

Matar nan tana da tsohon jaki, shi ke ɗauko mata yumɓu daga bakin rafi tun 'ya'yanta suna goye. Da tsufa ya kama shi, akumari ya ci masa baya har ya zama gyambo, sai aiki ya gagare shi. Ita ba ta da ƙarfin ciyar da shi a zaune, kuma ranta bai ba ta ta sayar wa masu yanka ba. Ana cikin haka wani baƙo ya sauka a garin, ya kewaye fili a bakin titi, ya kafa allo, ya ce gidan jinƙan dabbobi ne. Guragun jakuna, karnukan da mota ta buge, kyanwoyin da aka yar, duk a kawo masa saboda Allah. Mutum ne mai farar riga da laushin murya, in yana maganar wahalar dabba sai ka ga ƙwalla ta cika masa ido. Mai tukwane ta ja jakinta ta kai masa, ta faɗa a gaban jama'a cewa ta bayar sadaka, ta dawo gida tana sa masa albarka. Ƙanenta, wani majemi mai baƙar magana wanda ba sa haɗuwa su rabu ba faɗa, ya ce mata tsufa ya fara taɓa mata kai. Ta daina amsa gaisuwarsa.

Da kewa ta dame ta, sai ta ƙulla kanwa a bakin zane ta tafi dubo jakin. Ta tarar da shi ɗaure a bakin ƙofa inda duk mai wucewa zai gani, gyambon ya ninka, ƙudaje sun yi masa baƙi. Harawar da mutane ke kawowa sadaka tana jibge a rumfa, an ɗaure ta dami-dami za a kai kasuwa. Baƙon kuwa yana tsugune yana ɗaukar hoton ciwon da waya, don ya tura wa masu tausayi na nesa su aiko da taimako. A nan ta gane cewa ciwon shi ne jarinsa, ranar da ya warke kasuwa ta mutu. Jakin da kuma ya kasa tsayuwa sai a sayar, ga sawun motar masu sayen fatar jaki nan a bayan shinge. Jakin ya ji muryarta ya ɗago kai, ko kuka ya kasa yi. Ta ce a ba ta abinta. Baƙon ya yi murmushi ya ce, "Haba Inna, abin da aka ba Allah ai ba a komawa a karɓa." Maganar ta ɗaure ta, don mace ce mai kunya, kuma da bakinta ta furta a gaban shaidu. Ta kama hanyar gida tana share hawaye, a haka ƙanen ya gamu da ita.

Da ya ji abin da ya faru, ko sannu bai ce mata ba. Da warin jima a hannunsa ya biya ya ɗauki liman da mai unguwa, suka nufi filin. Ya shaida musu cewa jakar mahaifinsu ce ta haifi jakin nan, kuma har yau ba a raba gadon ba. Ya dubi baƙon ya ce, "Ita ta yi sadaka da kasonta, Allah ya karɓa. Ni kaso biyu gare ni, ban kuma ba kowa ba. Ka cire naka in za ka iya, ka bar min nawa da rai." Liman ya ce gaskiya ne, mutum ba ya kyauta da abin da ba nasa shi kaɗai ba. Baƙon ya ga jama'a sun fara leƙa bayan shinge, sai ya kwance igiyar da hannunsa. Ba a daɗe ba aka neme shi da allonsa aka rasa, kowa ya je ya kwaso dabbarsa.

Majemin nan shi ya riƙa wanke gyambon kullum da ruwan bagaruwa, yana shafa masa man kaɗanya, yana zagin jakin, yana haɗawa da yayar tasa. Ita kuwa tunda take ba ta taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Ranar da fata ta rufe ciwon har gashi ya soma tsirowa, ta gina randar da ta fi duk wadda hannunta ya taɓa ginawa, ta ɗauka a ka ta kai masa, tana godiya. Ya ƙwanƙwasa randar, ya ce bakinta a karkace yake, ya rungumi randar ya shige da ita ɗakinsa.

Ka ga dalilin da ya sa Hausawa suka ce: naka sai naka, daɗin zama sai bare.