Abin da Dakta Uwani Za Ta Gano

Tun da aka kafa sabuwar doka, jami'a ba ta ba da tallafin bincike sai na'ura ta riga ta faɗi sakamakonsa. Dakta Uwani ta je karɓar nata. Shekara uku ke nan tana roƙon a bar ta ta gwada ruwan rijiyoyin ƙauyensu, inda cikin yara ke ta kumbura.

Malam Tanimu akawu ya miƙo mata ambulan. "Barka, Dakta, an amince. Abin da za ki gano yana shafi na biyu."

Ta buɗe. An rubuta cewa ruwan ba shi da wata illa.

"Malam, in na gano akasin haka fa?"

Ya dubi ƙofa, ya sassauta murya. "Dakta Sambo ma haka ya tambaya bara. Ofishinsa ne aka ba ki."